Ƙwallon Ikpeba ta shiga, amma ba ita kaɗai ta kashe mu ba

Duk majalisar da ake hirar ƙwallo a ƙasar nan, in dai akwai wanda ya haura shekara talatin da biyar a zaune, ka ce "Ikpeba" kawai ka ja bakinka ka yi shiru. Kafin mai shayi ya gama haɗa maka kauri wani ya ce wallahi ta shiga, wani ya ce ai sayar da wasan aka yi, wani ya jawo Issa Hayatou, shugaban hukumar ƙwallon Afirka (CAF) na lokacin, shi kenan hira ta koma 13 ga Fabrairun 2000, ranar Lahadin da Kamaru ta zo har Legas, har cikin filin Surulere, ta ɗauke kofin Afirka a kan idonmu, bayan alƙalin wasa ya ce ƙwallon da ɗan wasanmu Ikpeba ya buga a fenaretin raba gardama ba ta shiga ba. Ni ma na yi shekaru ina cikin masu cewa fashi aka yi mana da rana tsaka, sai da na zauna na sake kallon wasan tun daga farko, ba guntun bidiyon nan na daƙiƙa ashirin da ake yawo da shi a Facebook ba, sannan na gane cewa maganar ta fi ƙarfin yadda muke ba da ita.

Kafin a zo kan ranar sai an fahimci irin yunwar da muka shiga gasar da ita. Najeriya ta ci kofin a 1994 a Tunisiya, ta doke Zambiya 2-1, Amunike ya ci duka biyun. Daga nan sai siyasa ta shigo. Gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa a Nuwamban 1995, Mandela ya fito ya yi kaca-kaca da gwamnatin, ita kuma ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofinsu a 1996. Hukumar CAF ta ce tunda haka ne ta 1998 ma ta Burkina Faso ku huta. To ka duba fa, yaran da suka je Olamfik na Atlanta a 1996 suka fitar da Brazil suka doke Ajantina suka ɗauko zinare, suka je kofin duniya na Faransa a 1998 suka ci Sifen 3-2, su ne aka zaunar a gida gasa biyu a jere lokacin da suke kan ganiyarsu. Shi ya sa da aka ƙwace gasar 2000 daga hannun Zimbabuwe aka ba Ghana da Najeriya su yi haɗin gwiwa, mu a wurinmu ba gasa ba ce, bashi ne za a biya mu, kofi namu ne ajiya muka bayar.

Kuma in ka kalli sunayen ba za ka ga laifin mai wannan tunanin ba. Kanu na Arsenal shi ne gwarzon Afirka na 1999, 'yan watanni kafin nan ya zura wa Chelsea uku shi kaɗai. Okocha na PSG, Oliseh kyaftin na Juventus, Finidi na Betis, Taribo West da kitsonsa mai kala, Ikpeba gwarzon Afirka na 1997 yana Dortmund, ga namu na Kaduna, Tijjani Babangida na Ajax da Garba Lawal, ga Babayaro na Chelsea shi ma tashin Kaduna. Koci kuma Bonfrere ne, mutumin Holan ɗin da ya kai mu zinaren Atlanta. Kano ma an ba ta rukuni guda a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso, don haka mu nan arewa gasar har ƙofar gida ta zo mana.

Hanyar zuwa fainal ba ta yi santsi yadda mutane ke tunawa ba. An ci Tunisiya 4-2, Okocha biyu Ikpeba biyu, sai Kongo ta riƙe mu babu ci, aka ci Maroko 2-0. A kwata fainal Senegal ta kusa kunyata mu, Fadiga ya ci tun farkon wasa, muka yi ta bugawa kamar masu dukan bango har saura kamar minti biyar, sai wani yaro Julius Aghahowa da ya taso daga benci ya rama, ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci yana ta alkafura, 'yan kallo suka ɓalle suka cika fili, Okocha kuma ya karɓi jan kati. Semi fainal da Afirka ta Kudu ita ce ranar Babangida, ba a cika minti ɗaya ba ya jefa ta farko, kafin hutu ya ƙara, 2-0, mutanen da suka ci kofin 1996 da ba ma nan mun nuna musu mai abu ya dawo. Daga wannan ranar kowa ya saki jiki. Kamaru kuwa a rukuninta na Ghana har Togo ta ci ta 1-0, duk ƙasashen rukunin huɗu maki huɗu-huɗu suka tashi da shi, da bambancin ƙwallaye ta fito, amma abin da ba mu tsaya mun kalla ba shi ne tana fita rukuni ta ci Aljeriya 2-1, ta lallasa Tunisiya 3-0, wato kullum ƙara kyau take yi.

Ga kuma tsohuwar gaba. Duk wanda ya san tarihi gabansa ya faɗi da ya ji Kamaru ce. A 1984 a Abidjan mun haɗu a fainal, Muda Lawal ya fara ci, suka dawo suka yi mana 3-1. A 1988 a Kasablanka muka sake haɗuwa a fainal, Henry Nwosu ya ci da kai aka ce satar gida, Emmanuel Kunde ya ci fenareti, 1-0. A watan Agustan 1989, sati biyu bayan Sam Okwaraji ya faɗi ya rasu a wannan filin na Surulere ana wasa da Angola, muka je Yawunde Omam-Biyik ya ci mu ɗaya, suka tafi kofin duniya na Italiya 1990 suka yi suna, mu muka zauna muna kallonsu a talabijin. A gefe kuma ga shari'ar Bakassi tana gaban kotun duniya tun 1994. Maƙwabci ne da kuke cin kasuwa ɗaya, Mubi da Garwa, Gamboru da Fotokol, ana auratayya, Hausa da Fulatanci duk ana ji, amma a ƙwallo ba ya raga maka ko kaɗan. Abin da ya kwantar mana da hankali kawai shi ne wannan karon a gida ne, a filin da muka ci Aljeriya 3-0 muka ɗau kofin farko a 1980 Shagari yana zaune.

To aka busa. Kuma nan ne wurin da masu ba da labari suke tsallakewa da gudu. Rabin awar farko Kamaru ta yi mana wasan kura da akuya, ba mu san inda muke ba. Tsakiyarsu, Foe da Lauren da Geremi, ƙarfi ne da gudu, ba sa barin Okocha ya juya, Mboma da Eto'o kuma duk ƙwallon da aka cilla musu sai bayanmu ya rikice. Minti na 26 Eto'o ya ci, yaro ɗan shekara 18 wanda a lokacin yawancinmu ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba. Minti na 31 Mboma ya ƙara. Biyu babu, a gida, gaban mutum wajen 60,000, filin da ake cewa baƙo ba ya fita da rai ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Ba rafali ne ya ci waɗannan biyun ba, ba Hayatou ba ne, mu ne muka shiga fili kamar waɗanda aka riga aka ba su kofi suna jiran a ɗau hoto. Babangida da ya kai mu fainal yana benci, Aghahowa yana benci, Ikpeba yana benci. Ni har gobe ban gane hikimar ajiye mutumin da ya ci biyu a semi fainal ba, ko da kuwa don a ba Okocha wurinsa ne da ya dawo daga hukuncin jan kati, akwai wanda ya fi cancanta a zaunar.

Ana dab da tafiya hutu Raphael Chukwu ya rage ɗaya, rai ya ɗan dawo. Ana dawowa, minti na 47, Okocha ya samu ƙwallo daga can nesa da raga ya ɗaure ta da ƙafar hagu, gola Alioum Boukar ya yi tsalle a banza, ta tsaya a cikin zare. Kai! Wanda bai ga wannan ba an yi babu shi. A unguwarmu gidan wani kawuna muke kallo, an fito da talabijin tsakar gida an ɗora a kan tebur, manya a kan kujeru mu yara a tabarma, da ta shiga ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba takalmi ba, layin gaba ɗaya ihu ake, har matan da ba ruwansu da ƙwallo sun leƙo suna tambaya ko an ci kofin ne. Daga nan wasa ya zama na maza, su kai hari mu kai, aka shigo da Aghahowa da Babangida, minti 90 ta cika 2-2, aka ƙara 30, aka shigo da Ikpeba, ba wanda ya ci, sai bugun fenareti.

Ga yadda aka buga, don lissafin nan shi ne zuciyar maganar. Mu muka fara. Okocha ya ci, Mboma ya ci. Godwin Okpara ya ci, Pierre Wome ya ci, 2-2. Sai Kanu ya zo, gwarzon Afirka guda, ya buga wata sanyi-sanyi Boukar ya kama. Geremi ya ci, 3-2. Sai Ikpeba. Ya buga da ƙarfi ta daki ƙarfen sama ta ciki, ta sauko ƙasa, ta yi tsalle ta fito. Alƙalin wasa Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Shi kuma Ikpeba, maimakon ya ruga yana murna ko ya nufi mai tuta yana nuna layi, sai ya ɗora hannu biyu a ka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da aka maimaito hoton a talabijin sai ga ƙwallo ta sauka bayan layi, gani ya kori ji. Foe ya zo ya zubar da tasa, rai ya sake dawowa, Oliseh ya ci 3-3, sai kyaftin ɗinsu Rigobert Song ya ajiye ƙwallo ya ja baya ya zura ta ƙarshe. 4-3. Oliseh kuka yake wiwi kamar ƙaramin yaro, mu ma a tsakar gidan nan ba wanda ya iya cewa uffan, kawu ya tashi ya kashe talabijin ɗinsa ya shige ɗaki, tuwon dare ranar sai ɗumame aka yi da shi.

Yanzu a zo kan hukuncin. Dokar ƙwallo ba ta da wuya, sai ƙwallo gaba ɗayanta ta haye layi gaba ɗayansa sannan ake cewa ci ne, kuma ta Ikpeba ta haye, wannan ba na jayayya da kowa a kai. Abin da ya sa kuskuren ya fi ciwo shi ne a bugun fenareti na raba gardama mai tuta ɗaya aikinsa kenan, ana tsayar da shi ne a kan layin raga don ya ga irin wannan, ba gudu yake ba, ba wanda ya tare masa ido, ƙwallo ɗaya ce da ɗan wasa ɗaya da gola ɗaya. Amma kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da raga ya san ƙwallon da ta daki ƙarfe ta sauko ƙiftawar ido ce, tana taɓa ƙasa ta juyo waje saboda murzawar da ta yi, ido yana ganin fitowarta ne ba saukarta ba. Ga shi wanda ya buga da kansa ya kama kai. Kai ne rafali, ba ka da tabbas, ka waiga ka ga mai ƙwallon yana makoki, me za ka yanke? Ba ina cewa Ikpeba ne ya jawo ba, shi ma daga inda yake tsaye ba lallai ya gani ba, amma da ya yi ta tsalle yana ihu, filin nan gaba ɗaya ya ɗauka, wa ya sani. Kuma a 2000 babu na'urar layi babu VAR, wato bidiyon da rafali ke sake dubawa kafin ya yanke hukunci. Shekara goma bayan nan aka yi wa Ingila irin wannan sak a kofin duniya, ta Lampard da Jamus, wadda ta ma fi ta Ikpeba shiga ciki, kuma sai da ta faru da manyan sannan aka amince da na'urar layi a 2012. Mu tamu ba ta canza dokar komai ba, baƙin ciki kawai ta bar mana.

Zancen Hayatou kuwa, eh, ɗan Kamaru ne, Bafulatanin Garwa, ya riƙe CAF daga 1988 har 2017, kuma dole mutum ya ji wani iri in ya tuna cewa a watan da aka zaɓe shi a Kasablanka a watan aka soke ta Nwosu. Amma zargi daban hujja daban. Wanda ya shirya sayar da wasa ba zai zauna yana jiran a yi minti 120, a zo fenareti na huɗu, ƙwallo ta daki ƙarfe ta faɗo dab da layi sannan ya aiwatar ba, ai da tun a cikin wasa zai nemo fenareti ko jan kati ya huta. Ni abin da na gani kuskure ne, babba, mai ciwo, amma kuskure. Daami ɗin ma CAF ba ta yar da shi ba, shi ya busa fainal ɗin 2006 tsakanin Masar da Kwaddibuwa.

Ga inda nake saɓawa da 'yan majalisarmu, kuma duk ranar da na faɗa sai an taso mini. A ce an ba Ikpeba ƙwallonsa. To sai me? Lissafi ya koma 3-3 kafin Foe ya buga. A ce komai ya tafi yadda ya tafi, Foe ya zubar, Oliseh ya ci, Song ya ci, an tashi 4-4 kenan bayan biyar-biyar. Ba kofi aka ƙwace mana ba, damar ci gaba da bugawa aka ƙwace mana, wato a shiga ɗaya-ɗaya wanda ya zubar ya tafi gida. Kuma ba wanda ya isa ya rantse cewa Foe zai zubar in da lissafin ya canza, wataƙila ganin suna gaba ne ya sa ya yi sakaci, wataƙila kuma nauyin cewa tasa ce za ta gama wasan ne ya danne shi, Allah kaɗai ya sani. Sannan a duba golanmu Ike Shorunmu, cikin biyar da aka buga masa bai tare ko ɗaya ba, ta Foe ma waje ta yi. Su kuwa nasu ya kama ta Kanu. In aka shiga ɗaya-ɗaya da wannan yanayin, tsakani da Allah wa ya fi kusa da kofi?

Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Daami. Shekara da shekaru ana zagin rafali, amma da wuya ka ji an ce Kanu ya zubar da fenareti a fainal a gida, saboda Kanu ɗan gata ne, Atlanta ta wanke shi har abada, kuma ni ma ina son shi, sai dai gaskiya ita ce da ya ci tasa, aka kuma hana Ikpeba tasa, da 4-4 ɗin dai za a tashi. Nauyinsu ɗaya a sikeli. Da wuya kuma ka ji an tambayi yadda aka yi tawagar da ta fi kowa taurari a Afirka ta sha biyu cikin minti biyar a gabanta da jama'arta. Labarin fashi ya fi daɗin bayarwa, yana barin mutum ya kwanta da sanin cewa shi ne gwani zalunci aka yi masa.

Wani abin da ya ƙara wa ciwon gishiri, kofin da aka buga a kai ranar, wanda ake kira kofin haɗin kan Afirka, mu muka fara ɗaga shi a 1980 a wannan filin. Ƙa'ida kuma duk ƙasar da ta ci sau uku ta riƙe shi ya zama nata, kamar yadda Ghana ta riƙe na farko a 1978. Mu muna da biyu, 1980 da 1994, su suna da biyu, 1984 da 1988. Wato ranar duk wanda ya ci ya tafi da shi kenan har abada. Kamaru ta tafi da shi, kuma duka ukun da ta ci ta mallake shi a kanmu ta ci su. Wannan ko a tatsuniya aka ba ka sai ka ce an yi ƙari.

Bayan nan hanyoyin suka rabu. Kamaru ta je Sidni a shekarar ta ci zinaren Olamfik a kan Sifen, nan ma da fenareti, Mboma ya zama gwarzon Afirka na 2000, suka sake cin kofin Afirka a Mali a 2002 a kan Senegal, nan ma fenareti, abin da ke nuna mutanen nan ba sa'a ce kawai ke bin su a wannan bugun ba. Foe kuma ya faɗi a fili a Liyon a watan Yunin 2003 ana wasa da Kolombiya, bai tashi ba, ranar ko mu da muke jin haushinsu jikinmu ya yi sanyi. Mu kuwa muka koma 'yan tagulla, na uku a 2002, na uku a 2004, na uku a 2006, na uku a 2010, har sai 2013 da koci Keshi, wanda shi ma yana cikin waɗanda Kamaru ta ci a 1984, ya kai mu Afirka ta Kudu Sunday Mba ya ci Burkina Faso. Kanu ya yi ritaya bai taɓa ɗaga kofin Afirka ba, fainal ɗin Legas ita ce kaɗai ya buga.

Ramuwa kam an yi. A 2004 a Monastir Okocha ya ci firikik, Utaka ya ƙara, muka fitar da su 2-1 suna riƙe da kofi. A 2017 a Uyo muka yi musu 4-0 a neman zuwa kofin duniya, 'yan watanni bayan sun ci kofin Afirka na biyar a Gabon. A 2019 a Iskandariyya 3-2, Ighalo biyu Iwobi ɗaya. A Janairun 2024 a Abidjan, a filin da suka ci mu a 1984, Lookman ya zura musu biyu, kuma wanda ke tsaye a bakin layi a matsayin kocinsu Rigobert Song ne, shi dai wanda ya buga ta ƙarshe a Surulere. Na ji daɗin wannan ba kaɗan ba. Amma in ka haɗu da ɗan Kamaru a kasuwar Mubi ka fara lissafo masa waɗannan, zai bari ka gama tsaf sannan ya ɗaga maka yatsu uku, fainal uku, kuma ba ka da amsa.

Ni yanzu in aka tayar da zancen a majalisa ba na musun ta shiga ko ba ta shiga ba, tambaya ɗaya nake yi musu, wa zai buga ta shida? Waɗanda suka rage a fili ba su buga ba su ne Taribo West, Furo Iyenemi, Babayaro, Babangida, Aghahowa da Shorunmu kansa. Wani ya ce Babangida mana, wani ya ce a'a Babayaro ya fi nutsuwa, akwai wani dattijo a cikinmu da kullum yake cewa Aghahowa, wai yaron a gasar nan duk abin da ya taɓa zinare ne. Da na ce to in Taribo ne ya ɗauki ƙwallon ya nufi wurin fa, sai kowa ya yi dariya, mai shayi ya ce Alhaji don Allah a bar maganar nan haka.